Neman shawara: taimakon gwauraye da muka fara yana neman fin ƙarfina

Mai tambaya: Salama 'yan'uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Mu biyar ne a zumuntar mata muka fara haɗa masara da ɗan kuɗi don matan da mazansu suka rasu. Abin ya samo asali ne daga maƙwabciyata. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, danginsa suka kwashe komai har injin niƙa, muka je wajen mai unguwa ya ce maganar gida ce, muka koma ya ce a jira babban wansu, har yau shiru. Da gida 14 muka fara, yanzu 61 ne, akwai ma waɗanda ba 'yan cocinmu ba. Kuɗi yana shiga asusuna na banki tunda ni na fara, hatsi kuma yana ɗakin baƙina. Wadda muke kira ma'aji ta daina zuwa, tana faɗa a gari wai ni kaɗai nake yanke komai. Fasto ya ce a mayar da aikin ƙarƙashin ikilisiya, dattawa su naɗa kwamiti. Wani ɗan garinmu a Ingila yana so ya aiko da kuɗi amma sai ya ga takarda. Ga buhu biyu sun yi ƙwari. Barci ya gagare ni. In miƙa ne ko in riƙe?

Malamin tarihi: Mama, tambayarki ba ita ce ta farko da ya kamata ki yi ba. Ki duba yadda ƙungiyar Vincent de Paul ta 'yan Katolika ta tashi, wadda har a majami'unsu na Najeriya take aiki. Ranar 23 ga Afrilu 1833 wasu ɗalibai suka zauna a ofishin wata jarida a Paris. Mai tunanin, Frédéric Ozanam, ranar ya cika shekara 20. Bai hau kujera ba. Emmanuel Bailly, mai jaridar, wanda ya kusan ninka shi a shekaru, shi suka ba shugabanci, kuma har Ozanam ya rasu a 1853 bai taɓa zama shugaban ƙungiyar baki ɗaya ba. Ba su kuma ce sun san matalauta ba. Wajen Sista Rosalie Rendu suka je, wadda ta yi shekaru kusan 30 a unguwar Mouffetard, ita ta nuna musu gidajen da za su shiga, ta ba su takardun karɓar burodi da itace. Wato mai hangen daban, mai kujera daban, mai sanin gidaje daban. Ke kuwa duka ukun kina riƙe, ga jaka, ga rumbu. Me ma'ajinki take ajiyewa?

Akanta: Kuɗin nan ya bar asusunki a makon nan, Mama. In wani abu ya same ki, a idon banki gādon 'ya'yanki ne. Rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu (masu riƙe dukiyar ƙungiya da sunanta) tana buƙatar amintattu biyu ko fiye, kundin tsari, da bayanan zaman da aka zaɓe su. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan takarda ta fito sai lambar haraji da shaidar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram na hukumar EFCC, banki zai tambaye ta. Asusu ya zama mutum uku ne masu sa hannu, ba a cire sisi sai biyu sun sa. Kuma duk shekara akwai rahoton da ake kai wa CAC, nan yawancin ƙananan ƙungiyoyi suke faɗuwa, a yi rajista a manta. Nawa ne ke shigowa a wata? Ba ki faɗa ba.

Mai tambaya: Baba malam, ban ƙwace kujera ba, babu wadda ta so ta. Kuma kowane kwabo yana rubuce a littafina. Maganar nawa ke shigowa, ya danganta da wata.

Jikan mai bishara: Ni ban yarda da malam ba. Kwamiti yana kashe aiki. William Booth ya fara wa'azi a tanti a Whitechapel, gabashin Landan, a 1865. Ya gwada mulkin taron wakilai, ya ga ana cinye lokaci a muhawara, ya soke shi. A 1878 aka sa wa aikin suna Salvation Army, shi ne Janar, magana ɗaya tak. Kafin ya rasu a 1912 aikin ya shiga ƙasashe da dama. Mama, ki riƙe abinki. Wanda ya ga wahayi shi ke jan gaba.

Malamin tarihi: Ɗana, ka tsaya a tsakiyar labari. Takardar tsarin ƙungiyar ta 1878 ta ba Booth ikon zaɓen magajinsa a rufaffen ambulan, ya zaɓi ɗansa Bramwell. Tun 1896 wani ɗan nasa, Ballington, ya ɓalle a Amurka ya kafa tasa. A 1929 Bramwell yana kwance ba lafiya, manyan hafsoshi suka zauna suka sauke shi, magana ta kai kotu, aka zaɓi Edward Higgins, sai da majalisar Birtaniya ta yi doka a 1931 aka daidaita yadda ake zaɓen Janar. Wannan kake so wa mata biyar da buhun masara?

Uwar zumunta: Ku bar zancen Turawa. Matsalar ita ce dattawa. Mata su tara, maza su naɗa kwamiti, ranar da rufin coci ya yi yoyo a ce a ranto daga kuɗin gwauraye, rancen da ba a biya. Sannan a tsefe jerin suna a cire duk wadda ba ta zuwa sujada. Haka ake yi wa kuɗin zumunta ko'ina, ranar girbi ma mu ke dafawa, su ke ƙirga baiko. 'Yar'uwa, in kin miƙa, waɗancan da ba 'yan cocinku ba su za a fara zubarwa.

Malamin tarihi: Shi ya sa ban ce ta miƙa ba, Mama. Ƙungiyar Ozanam ta 'yan ikilisiya ce, ba limamai ke mulkinta ba, limamin coci mai ba da shawara ne kawai. A ba fasto wannan matsayi, a kai wa dattawa rahoto duk wata uku, jaka ta zauna wajen amintattu. A Ayyukan Manzanni sura 6 ma, da aka yi gunaguni kan rabon gwauraye, jama'a ne suka zaɓi mutum bakwai, manzanni suka ɗora musu hannu.

Sai maganar gida 61. Vincent de Paul kansa, limamin Katolikan da aka sa wa ƙungiyar sunansa, a watan Agusta 1617 a garin Châtillon na Faransa, ya yi wa'azi kan wani gida da kowa ke kwance. Jama'a suka kai abinci rana ɗaya, ya ga rabi zai lalace, bayan kwana kaɗan a koma yunwa. Sai ya tara matan ya raba musu kwanaki, kowace da ranarta. Dokarsa ta ce mai kai abinci ta fara da majinyacin da ke da mai zama da shi, ta ƙare da wanda ke shi kaɗai, don ta daɗe a wurinsa. A dokokin ƙungiyoyinsa akwatin kuɗi makulli biyu ne, ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen ma'aji. 'Yan Ozanam kuma bibbiyu suke shiga gida, su dawo taron mako su faɗi abin da suka gani, a zaga da jaka kowa ya sa hannu ba a san nawa ya saka ba. Da suka kai kusan 100 a ƙarshen 1834 an yi zazzafar gardama, wasu har da hawaye, amma a 1835 suka rabu rukuni-rukuni. Ku biyar ba za ku iya gida 61 ba. Ki nemi mata 12, bibbiyu, kowane biyu gida goma, ɗayan da ya rage ki ɗauka.

Mai hatsi: Kowa ya tsallake ƙwarin. Masarar ba ta bushe ba aka ɗure, ko kuma buhun yana kan siminti. A gwada da haƙori, in ba ta fashe da ƙara ba a sake shanyawa. A sayi buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango, ba sai an sa magani ba. Wanda ya yi ƙwari a fitar da shi yau, a shanya, a sheƙe, a fara rabawa. Lissafi kuma: buhu tiya 40 ne. Gida 61, tiya huɗu-huɗu a wata, tiya 244 ke nan, buhu shida da ɗoriya. A saya da kaka, a tsananta rabo daga Yuni zuwa Agusta lokacin da rumbuna suka ƙare. Rabon Kirsimeti daɗin ido ne kawai, lokacin hatsi na da araha.

Jikan mai bishara: Mata 12 da amintattu uku da rahoton wata uku. Kafin a gama zama gwauraye sun kwana da yunwa.

Mai tambaya: Na gode duka. Amma ba ku san matan nan ba. In na ce a zo a auna hatsi, ni da 'yata ne kawai muke fitowa, ina zan samo 12? Kirsimeti kuma ba zan fasa ba, yaran suna sa rai. Kuɗin jarida da lauya ai buhu nawa ne. Ita ma'ajin ma akwai abin da ya faru tsakaninmu wanda ba zan rubuta a nan ba.

Akanta: To ko asusun haɗin gwiwa ku buɗe da sunan mutum biyu kafin rajista, wannan ba ya cin kuɗin lauya. Kuma har yanzu ba ki faɗi nawa ke shigowa ba.

Malamin tarihi: Mama, kin taɓa ba wata makullin ɗakin ta auna ba kya nan?

Mai tambaya: Ɗakin a cikin gidana yake, Baba. Fasto yana jiran amsa ranar Lahadi bayan sujada. Buhun PICS ɗin, a kasuwa ake samu ko sai wajen masu kayan gona?