Akwatin da ke kashe kansa: hannun ya fito amma ya ƙi komawa

Baban Ummi, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar ayisi (IC, ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu), musamman 555, wadda ke ƙidaya lokaci.

Ni gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, nake yi a nan Jidda, shekara 11 ke nan. Kwamfireso, kafasitar fanka, cajin gas, duk hannuna ya saba da su. Amma waɗannan ƙananan kaya masu ƙafafu kamar na kiyashi, bana na fara taɓa su, kuma 'yata Ummi ce sila. Shekararta 8. Wani dare ta ga bidiyon wani akwati a wayata: a tura makunni, murfi ya ɗaga, hannu ya fito ya mayar da makunnin, ya koma ciki, murfi ya rufe. Ta kalle shi ya fi sau goma, sannan ta ce, "Baba, in ya kashe kansa, da wace wuta yake komawa ciki?" Na ce mata za mu haɗa namu mu gani da idonmu.

Na samo akwatin katako na turaren ud a kasuwar Haraj Sawarikh, tsawonsa santimita 18. Na raba murfin biyu, na kafe rabi, ɗaya rabin na bar shi a kan hinji. Na sa sarbo SG90, shuɗin ƙaramin moton nan da ke juyawa ya tsaya inda aka umarce shi, na yanka masa hannu da falanki mai tsawon santimita 9. NE555 guda ɗaya ce ke ba shi bugu, wato wutar da ke zuwa tana ɗaukewa a kai a kai, batir kuma mai bolt 9 ne, na bi da shi ta 7805, mai rage wutar zuwa bolt 5. Makunnin mai ƙafa biyu ne, irin babba mai sandar ƙarfe.

Ga abin da ke faruwa. In na kunna, hannun yana fitowa yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Wani lokaci ya iya tura makunnin, wani lokaci ya tsaya a jikinsa yana gurnani. In kuma ya tura, shi ke nan, sai ya ƙame a waje, murfi a buɗe, sai na mayar da shi da hannuna. Wato tambayar Ummi tana nan ban amsa ba. Bayan wannan, ina so ya ɗan jira kamar daƙiƙa 3 kafin ya fito, don a nan daɗin abin yake.

Saura mako 3 Sallah, kuma ta riga ta gaya wa 'yan'uwanta da ke gidan kakarta a Shara Mansur cewa za ta zo da shi Makka. Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Malam Haruna mai rediyo, Madina

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya raya Ummi, Ya yi mata albarka. Yarinyar ta ɗora yatsa a kan ainihin wurin.

Kafin komai, ka daina mayar da hannun nan da ƙarfi. Haƙoran da ke cikin SG90 na roba ne, wata rana za ka ji ƙas, kuma shi ke nan.

Akwatin nan ba ya mutuwa a lokacin da ya tura makunni. Hanyar wuta biyu gare shi. Ta farko ita ce makunnin da kowa ke gani a waje. Ta biyu a ɓoye take a ciki: ƙaramin makunni mai harshe, irin wanda ke ƙofar maikirowef. Za ka kafa shi daidai inda hannun ke kwanciya, yadda in yana gida zai danne harshen. A jikinsa akwai ƙafa uku, ka ɗauki waɗanda aka rubuta wa COM da NC, ka bar NO, don ita sai an danna take haɗewa. Muddin hannu na danne da shi, hanyar a yanke take. Da hannu ya ɗaga, ta haɗe. Sai ka jera shi kafaɗa da kafaɗa da makunnin waje, kowanne ya iya kai wuta shi kaɗai. To ka ga in hannu ya kashe na waje, na ciki yana riƙe da wuta har ya dawo ya kwanta a kansa. A nan ne akwatin ke mutuwa da gaske, ba ya shan ko ɗigon batir.

Makunninka mai ƙafa biyu ba zai yi ba. Nemi mai ƙafa shida, don ɓangare biyu ne a cikinsa: ɗaya na wuta, ɗaya na gaya wa moto ya juya baya.

Ni da zan ba ka shawara, da ma ka ajiye ayisin a karon farko. Ina saurayi a Wad Madani ta ƙasar Sudan nake gyaran rediyo da rikoda, kafin in taho nan, kuma abin da na koya shi ne duk abin da waya da makunni za su iya, ba na kiran ayisi. Moto mai haƙora, irin rawayan nan na motar wasan yara, batir biyu ko uku, makunni mai ƙafa shida da aka gicciya wayoyinsa don ya juya fozitib da nagatib, sai mai harshen a kan hanyar komawa kawai. An gama. Amma jiran daƙiƙa 3 da kake so, wannan kam sai 555, kuma yaran yanzu sun fi ni lissafinta.

Sadiya, Riyad

Sannu Yaya. Abin da Baba Malam ya faɗa shi ne ƙashin bayan aikin, ni zan ƙara na ɓangaren sarbo, don na haɗa irinsa a shekarata ta biyu a jami'a.

Sarbo ba ya juyawa baya don an juya masa wuta, kada ma ka gwada, zai ƙone. Tsawon bugun da ke shiga wayarsa ta ruwan lemo shi ke gaya masa inda zai tsaya. Yana son bugu kamar 50 a daƙiƙa ɗaya. Bugu mai tsawon milisakan 1 yana kai shi gefe guda, 1.5 tsakiya, 2 ɗaya gefen. Kai tsawo ɗaya tak ka ba shi, don haka wuri ɗaya ya sani. Yana buƙatar biyu: na fita da na gida.

Ga yadda na yi nawa. Ƙafa ta 2 da ta 6 na 555 a haɗe, kafasita 100nF daga nan zuwa nagatib. Resista 270k tsakanin ƙafa ta 7 da ta 6, ita ke ba da hutun kusan milisakan 19 tsakanin bugu da bugu. Diyod 1N4148 a kan wannan resistar, zoben yana kallon ƙafa ta 6. Daga fozitib zuwa ƙafa ta 7 kuma sai ka yi reshe biyu, kowanne da resista 6.8k da mai juyawa 20k (resistar da ake murɗawa a canza ƙarfinta) a jere, ɓangare na biyu na makunninka ya riƙa zaɓar ɗaya. Kunne, reshen fita. Kashe, reshen gida. Don Allah kada ka cire 6.8k ɗin. In ka murɗa mai juyawar har ƙarshe babu ita, ƙafa ta 7 za ta haɗa fozitib da nagatib kai tsaye, ayisin ta tafi.

Wani abu da ya ɓata min kwana biyu: littafi zai ce maka tsawon bugu shi ne 0.693 sau resista sau kafasita. Da diyod a ciki ba haka yake fitowa ba, domin diyod ɗin na cin kusan bolt 0.6, kafasitar ta daɗe kafin ta cika. A bolt 6 lissafin ya fi kusa da 0.9. Shi ya sa nake cewa mai juyawa, ka saita da idonka. Kuma ka fara saitawa ba tare da hannun katakon a jiki ba.

Karkarwar kuwa, batirinka ne. Mai bolt 9 an yi shi ne don mitar gwajin wuta da abubuwan da ba sa jan wuta. SG90 in ya ci karo da abu mai tauri yana iya jan fiye da rabin amfiya, batirin ya durƙusa, ita kuma 7805 tana son kusan bolt 7 a bakinta kafin ta ba da 5. Wuta na sauka, bugun 555 na rikicewa, sarbo na rawa. Cire su duka biyun, ka sa batir AA guda 4. Sa kafasita 470µF kusa da wayoyin sarbo, 100nF tsakanin ƙafa ta 8 da ta 1, 10nF a ƙafa ta 5. Kada ka ce za ka yi da fawa-bank, yawancinsu suna kashe kansu in ba a jan wuta sosai.

Jira kuma, 555 ta biyu. Haɗa ƙafarta ta 2 da ta 6, kafasita 10µF daga fozitib zuwa nan, resista daga nan zuwa nagatib. Da wuta ta shigo ƙafa ta 3 tana ƙasa, sai bayan 1.1 sau resista sau kafasita ta hau. Da 220k daƙiƙa 2.4 ne, da 330k 3.6. Kai wannan ƙafa ta 3 zuwa ƙafa ta 4 ta ayisin farko. Muddin tana ƙasa babu bugu, sarbo na kwance abinsa. Ƙara diyod a kan resistar, zobe wajen ƙafa ta 2, don kafasitar ta zube da wuri in wuta ta ɗauke. Kada ka damu in agogo bai yi daidai da lissafi ba, irin waɗannan kafasitoci suna iya kaucewa da kashi 20 cikin 100. In wuri ya yi maka kaɗan, 556 ita ce 555 biyu a jiki ɗaya, ƙafa 14.

Ka gaya wa Ummi abin wasanta yana da asali. Marvin Minsky ne ya kawo tunanin a 1952 a ɗakin bincike na Bell a Amurka, Claude Shannon kuma ya ƙera shi. Manyan masana lissafi da kwamfuta ne su biyun. Ita 555, Hans Camenzind ya tsara ta a 1971, kamfanin Signetics ya fitar da ita kasuwa a 1972, har yau ba a daina yin ta ba.

Maman Walid, Makka

Ni ban san komai a kan wuta ba, amma na san gidan kaka ranar Sallah. Yara fiye da goma, har da masu rarrafe. Baban Ummi, ka ɗaure gidan batir da sukuru, ka goge bakin katakon da hannun kada ya yi tsini, don sai sun tura yatsa ciki sun ga wanda ke ɓoye. Kuma gam ɗin kyandir ba ya jure zafin mota a ƙasar nan. Mun taɓa barin aikin makarantar Walid a mota daga azahar zuwa la'asar, muka tarar duk ya saki. In ya yi kyau ina son ɗaya, zan biya kuɗin kaya.

Baban Ummi, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi shiru kwana 5 ne don aiki ya yi yawa, zafi ya shigo, kowa mukayyif ɗinsa ya tuna. Sai bayan isha nake samun zama.

Baba Malam, mai harshen na ciro daga wani mataccen maikirowef da ke shagonmu. Da farko na ɗaura a NO, abin ya zama a juye, na koma na karanta saƙonka na gyara. Ban bi shawarar ajiye ayisi ba, ka yafe ni, na riga na sa rai da jiran nan.

Ƙanwata Sadiya, ina sa batir AA 4 karkarwar ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Amma hannun ya ci gaba da kasa tura makunnin, ko da na sayo mai ƙafa shida. Sai na zauna na yi tunani irin na sifana: ƙarfin SG90 kusan kilo 1.8 ne a nisan santimita 1 daga gindinsa. A santimita 9 abin da ya rage giram 200 ne kacal. Na matso da sarbon kusa da murfi, na rage hannun zuwa santimita 5, na canza makunnin zuwa ƙarami mai laushi. Yanzu tura ɗaya yake yi masa. Na sa 330k, da agogon waya ina samun daƙiƙa 4 da ɗan kaɗan, kuma hakan ya fi min daɗi. Murfin na ɗaura masa robar ɗaure kuɗi daga ciki don ya rufe da kansa. Maman Walid, na cire gam ɗin duka na sa sukuru, na gode da tunin.

Daren jiya na kira Ummi na buɗe mata cikin akwatin. Ban yi mata bayani ba, na ce ta kunna ta zuba ido. Ta kunna sau uku. A na huɗu ta sa yatsa ta danne harshen ƙaramin makunnin tun hannun bai iso gida ba, ya tsaya cak a hanya. Ta saki, ya ƙarasa. Ta ɗago ta ce, "Baba, ashe wannan ne na gaskiyar." Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba.

Saura abu ɗaya. Wani lokaci in hannun ya dawo yana ɗan taɓa harshen ya sake ɗagowa, sai a ji tik tik sau biyu ko uku kafin ya natsu.

Malam Haruna mai rediyo, Madina

Madalla ɗana. Wannan tik tik ɗin, hannun yana tsayawa ne a daidai bakin inda makunnin ke yankewa, harshen kuma yana da ɗan sifirin da ke turo shi baya. Murɗa mai juyawar reshen gida kaɗan, yadda sarbon zai nufi wurin da ya ɗan wuce makunnin. Wutar da ta rage a 470µF za ta ƙarasa danna shi. In bai daina ba, lanƙwasa harshen sama kamar milimita 2 da filaya. Ka gaida min Ummi, ka ce ina jiran hoton ranar Sallah.