Namiji da 'yar tsana, mace da mota: muhawarar da ta tashi a zauren gidanmu na WhatsApp

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Wata magana ta tsaya mini a rai tun jiya. Na fito daga kicin na tarar da ɗana, ɗan shekara uku, ya goya 'yar tsanar yayarsa, ya ɗaure da ɗankwalina, yana jijjiga ta yana cewa "yi shiru, yi shiru". Ita kuwa yayar tana gindin kujera, ta kwance tayoyin motarsa ta jera su a ƙasa tana ƙoƙarin mayarwa. Sai ga maƙwabciyata ta shigo, ta fizge 'yar tsanar, ta ce in ban tashi tsaye ba zan wayi gari da ɗan daudu a gida. Yaron ya yi ta kuka har barci ya kwashe shi. Don Allah, sakaci na yi?

Baffa: Wa alaikumus salam. Maƙwabciyarki ta yi garaje, amma maganarta gaskiya ce. Wasan maza daban, na mata daban, haka Allah ya tsara, haka muka taso muka gani. Mu langa muka yi da kokawa, muka gara taya, muka ƙera motar kara. Su Goggonki gaɗa da carafke da tuwon ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma hadisin Ibnu Abbas yana nan a Bukhari, an la'anci namiji mai kamanta kansa da mata da mace mai kamanta kanta da maza.

Goggo: Ƙanena, ni na goye ka, bari in tuna maka abin da ka manta. Motar karan nan da kake tinƙaho da ita, wa yake goga maka sakaina a kan dutse har ta zama taya? Ni ce. Kai ka iya fasa kara, amma tayarka kullum karkatacciya take. Sannan shekarar da Inna ta kwanta ciwo, kai ne kake hura wuta, kai ne kake ɗaukar ƙaramarmu kana zagaye tsakar gida da ita. Ka zama mace? Ga ka nan da gemu har ƙirji.

Baffa: Wannan lalura ce, Yaya. Lalura daban, a mai da abu ɗabi'a daban.

Yaya Babba: Baffa, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in sa baki. Hadisin da ka kawo gaskiya ne, amma malamai sun yi bayaninsa a kan sutura da ado da kwaikwayon magana da tafiya. Reno ba ya ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da aka tambayi Nana A'isha me yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. To yaron Auta me ya kwaikwaya in ba wannan ba?

Akwai kuma ruwayar Abu Dawuda da nake so ƙwarai. Iska ta ɗaga labulen ɗakin Nana A'isha, sai ya ga 'yan tsanarta, a tsakiyarsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har aka ga turamensa. Doki fa, abin hawan mayaƙa a wancan zamani. Bai ce mata wannan na maza ne ba.

Ɗan Baffa: Yaya, ba don mahaifina ne ba, amma maganarsa tana da tushe ko a kimiyya. A 2008 masu bincike a Amurka sun zuba wa wasu birai kayan wasa, masu taya da kuma masu laushi irin 'yar tsana. Mazan sun fi karkata ga masu taya. A dajin Kibale na Yuganda kuma, binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna ƙananan matan birin cimpanzi sun fi mazan ɗaukar guntun icce suna yawo da shi kamar jariri. Biri dai bai je makaranta ba, bai kalli talla a talabijin ba. Ashe akwai halitta a ciki.

Yaya Babba: Ban musa ba, ƙanena. Amma ƙarasa labarin: a binciken 2008 ɗin, matan biran sun yi wasa da iri biyun duka, kuma "sun fi karkata" ba ya nufin kowa da kowa. In halitta ce take jan yaro zuwa mota, to a bar halitta ta yi aikinta mana. Me ya kawo fizgewa? Wanda ya yarda ruwa gangare yake bi ba ya tura shi da hannu.

Ni abin da nake gani a aji shi ne yake damuna. In na raba kwali na ce kowa ya naɗa akwati, maza sai su far masa, su ɓata biyu su gyara na uku. 'Yan mata da yawa sai su riƙe kwalin suna kallona, wata ma ta ce, "Malama, ai wannan na maza ne." Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, su ne ma kan gaba a jarrabawa. Hannun ne ba a taɓa barinsa ya kwance wani abu ya ɗaure ba. Yarinyar da aka kwaɓe tun tana shekara biyar ita ce za ta kai aji huɗu na sakandare ta guje wa ajin kimiyya.

Baffa: Ku ba ku gane inda na dosa ba. Wannan magana daga Turai da Amurka ta taso. A jihar Kalifoniya har doka suka yi, ta fara aiki a 2024, cewa manyan shaguna dole su ware sashen kayan yara da ba a ce na maza ko na mata ba. Yau kayan wasa, gobe su ce babu namiji babu mace. Wannan ne tsorona, kuma ba zan ɓoye ba.

Goggo: Tsoronka na ji shi, ni ma ina da jikoki. Amma ka dubi kanti da kyau ka ga wane ne baƙo. Mu a zamaninmu kara ɗaya ne: kai ka yi mota, ni na naɗa masa tsumma ya zama 'yar tsana. Wannan na ruwan hoda na mata, wancan shuɗi na maza, da kwantena ya zo mana.

Ɗan Baffa: Nan kam Goggo ta yi gaskiya. Ko a can ba daɗaɗɗe ba ne. A 1918 wata mujallar 'yan kasuwar kayan jarirai a Amurka cewa ta yi ruwan hoda na maza ne, shuɗi na mata. Daga baya aka juya.

Yaya Babba: Baffa, mai tsiren bakin layinku namiji ne, mai shayi namiji ne, telan da yake ɗinka wa Inna kaya namiji ne. Babu wanda ya ce sun bar mazantaka don sun riƙe wuƙa da tukunya da allura. Sannan kai da kanka, duk lokacin da aka kai iyalinka asibiti, likita mace kake nema, kuma ka yi daidai. Daga ina za ta fito in an hana ta taɓa komai sai ludayi?

Baffa: Likita mace ina so, ban ja da wannan ba. Yarinya ta yi wasa da mota, na sassauta. Amma namiji da goyo har yanzu bai kwanta mini ba. Lalle da ɗan kunne da ɗaura zane kuwa, kada in ji, kada in gani.

Auta: Wannan ko ni ba zan bari ba, Baffa, ba ma shi na tambaya ba.

Goggo: Ni in za a ƙwace wani abu daga hannun jikokina, a fara da bindigar robar da ake saya musu da Salla. Da idona na ga yara a lungunmu sun rufe fuska da tsumma, sun tare ƙannensu, suna cewa a kawo kuɗin fansa. A wannan hali da Arewa take ciki! Babu wanda ya fizge, wai wasan maza ne. Amma yaro ya lallashi 'yar tsana, an ce ya lalace. Ranar nan ban iya cin abinci ba.

Ɗan Baffa: Wallahi Goggo, a unguwarmu ma ana yi.

Auta: Na mayar wa yaron da 'yar tsanar ɗazu. Ya shimfiɗa mata ɗankwalin a tabarma, ya ce in rage murya tana barci, ya fita yana buga ƙwallo. Yayarsa kuma ta mayar da taya uku, ta huɗun ta ɓace, mun duba ko'ina.

Baffa: A kan goyon ina nan a kan bakana, za mu yi magana in kun zo Salla. Tayar kuwa, ki ba ta tsohon silifas da murfin kwalba ta zana da'ira, ke ki yanka mata, kada ki ba ta reza. Ta huda tsakiyar da ƙusa.