Ido kaɗai zai iya gane yaron da ya sha ƙwaya?

Gardamar ta tashi ne daren Laraba bayan isha'i, a zauren WhatsApp na iyaye da malaman wata sakandare da ke Tudun Wadar Zariya.

Mataimakin Shugaban Makaranta: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Kwamiti ya tsayar da cewa a hutun zangon nan za mu gayyaci jami'an NDLEA da 'yan sandan yankinmu su zauna da malamanmu kwana biyu, su koya mana gane yaron da ya shigo aji a buge. Ni dai a ganina, in malami ya samu horon nan, kallo ɗaya zai yi wa yaro ya san ya sha wani abu. Daga nan sai a kira 'yan sanda. Lallashin ya isa haka.

Malamin Kimiyya: Ina bayanka, ranka ya daɗe. Bara wani yaro ya dawo aji bayan an tashi tara, yana ta murmushi shi kaɗai, da ya buɗe baki na ga harshensa shuɗi kamar ya tsotsi biro. Wallahi na ɗauka alewa ce. Sai da aka tashi wani ɗan ajinsu ya raɗa mini cewa roci ne, ƙwayar ce take rina harshe haka. Shekarata 14 da alli a hannu amma yaro ɗan shekara 16 ne ya karantar da ni. Kuma abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, wato ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda a Najeriya, wajen miliyan 3 a Arewa maso Yamma. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, wasunsu ta azuzuwanmu suka bi.

Nas: Malam, horon ban ƙi shi ba. Maganar “kallo ɗaya” ce ta tsaya mini a wuya. Mu da muke asibiti kullum ba ma yanke hukunci da kallo ɗaya. An taɓa kawo mana wani magidanci da aka tsinta a gefen titi wajen Kwangila, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana layi, magana ba ta fita daidai, yana ture duk wanda ya taɓa shi. Waɗanda suka kawo shi har sun ɗan mammare shi, wai ya yi mankas da rana tsaka. Muka soki yatsarsa muka auna, ashe suga ne ya faɗi. Ya yi allurar insulin da safe bai karya ba. Aka ba shi ruwan suga ta jijiya, kafin minti goma ya buɗe ido yana tambayar ina babur ɗinsa. Mai farfaɗiya ma in ta sake shi haka za ka gan shi a rikice. Zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa haka. Ga masu sikila, da yawansu likita ne ya rubuta musu tiramol ɗin da hannunsa.

Malamin Kimiyya: To Sista, ke nan mu naɗe hannu?

Nas: A'a. Alamomi suna nan kuma ana koyon su. Mai kodin ko tiramol za ka ga barci na fizgarsa, yana sosa jiki, ɗigon baƙin nan na tsakiyar idonsa ya tsuke. Mai ƙwayar Exol bakinsa bushewa yake yi, ɗigon kuma ya buɗe. Mai wiwi ido ya yi ja, zuciya na bugawa da sauri. Mai sholisho warin ma ya ishe ka. Amma duk abin da waɗannan suke gaya maka shi ne yaron nan ba daidai yake ba. Ba su gaya maka dalili ba. Balle yanzu da ake haɗa biyu ko uku a gorar lemo guda, alamar wannan ta danne ta wancan.

Tsohon Sufeto: Bari tsohon ɗan sanda ya sa baki tun kafin a cinye mu ɗanye. Abin da Sista ta faɗa shi ne ainihin yadda masu tsarin horon gane mai shan ƙwaya suka gina shi. 'Yan sandan Los Anjalis a Amurka ne suka fara a shekarun 1970, saboda suna tare direba yana tangaɗi, a auna numfashinsa ba giya, a rasa yadda za a yi da shi. Suka tsara bincike mai mataki 12, suka kasa ƙwayoyi gida bakwai. Ana auna bugun jini har sau uku, a duba ido a cikin duhu da haske, a sa mutum ya taka layi. Tun a matakan farko ake tambayar ko yana da ciwo ko yana shan maganin asibiti, kuma mataki na ƙarshe gwajin jini ne ko fitsari. Jami'in da zai ƙware sai ya yi sa'a 72 a aji, sannan ya gwada a kan mutane na gaske ƙarƙashin mai duba shi. Na malaman makaranta da suka fitar daga baya shi ne gajere, kuma manufarsa a kai yaro wurin nas ɗin makaranta a kira iyaye. Saboda haka kwana biyun nan ba zai mai da Malam boka ba.

Mataimakin Shugaban Makaranta: Yallaɓai, na zata kai ne za ka fi kowa goyon bayana.

Tsohon Sufeto: Ina goyon baya, amma ni 'yan sandan nake so a fi matsa wa su zo. Na yi shekaru ina aiki a kantar ofishin 'yan sanda. A kawo maka yaro da daddare a buge, ka tura shi ciki, ka ji yana minshari ka ce barci yake. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa irin wannan minsharin na mai ƙwaya wani lokaci numfashi ne ke yankewa. Da na san a kwantar da shi ta gefe, a ƙirga numfashinsa, a garzaya asibiti in ya yi ƙasa, da wasu dararen ban kwana da nauyi a zuciya ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Hajiya, uwar ɗalibai uku: Allah ya saka da alheri Baba Sufeto, ka faɗi gaskiya. Ni tambayata ga Malam Mataimaki ce. Ranar da motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar makaranta aka fito da yaro, kafin la'asar labari ya kai Sabon Gari. In ta tabbata ciwo ne, wa zai bi gida-gida ya wanke shi? In kuma mace ce fa? Malamin Kimiyya, a binciken nan naka ba an ce cikin masu sha huɗu ɗaya mace ce ba? Yarinyar da aka ce an kama ta da ƙwaya a makaranta, ko bayan shekara goma aka zo neman aurenta sai wata ta tuna. Ga kuɗin beli da ake cewa kyauta ne. Kuma kada mu manta abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 a gida guda, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, don an ce musu 'ya'yansu sun lalace kuma ba su san wata ƙofar ba.

Malamin Kimiyya: Haka binciken ya ce, Hajiya. Amma rufa-rufar nan ita ta kawo mu inda muke. Ki kira uba ki ce ɗansa na sha, ya ce ke ce kike masa baki.

Liman: Ku biyun duk kuna da gaskiya a wuri guda. Rufa asirin musulmi abin nema ne, zato kuma an gargaɗe mu a kansa. Sai dai rufin asiri daban, barin yaro ya halaka daban. Wanda yake sha a nema masa magani cikin sirri. Wanda yake shigo da ita yana sayar wa 'ya'yan mutane, wannan hukuma ce maganinsa.

Mai Kemis: Allah ya gafarta Malam, nan ne horon zai yi amfani. Tiramol ɗin da doka ta sani mai miligiram 50 ne da mai 100. In malami ya tsinci fallen da aka rubuta 225 a jakar yaro, wannan bai biyo ta hannun likita ba, kuma yawansa na sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 kwalba ta yi tsada, yara suka karkata ga ƙwayoyi masu arha da ake ɓoyewa a cikin murfin biro.

Hajiya: Ai ku kuka fi kowa sanin farashi.

Mai Kemis: Hajiya, ni da lasisi nake aiki. Ba duk mai kanti ne dila ba.

Malama Mai Ba Da Shawara: Ni abin da ya dame ni, duk maganarmu a kan yaron da ya riga ya sha ce. Akwai darussa 12 na rigakafi da ake kira Unplugged, waɗanda UNODC da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya suka gwada a makarantun Najeriya. Malamin aji ne ke koyarwa, ana nuna wa yaro yadda zai ce a'a a gaban abokai ba tare da an mai da shi abin dariya ba. In za mu tara malamai kwana biyu, a ba wannan ko da rabin yini. Sannan a rubuta a takarda: yaro ya rikice, a kai shi ofishina, a kira nas, a kira iyaye. In abin ya wuce mu, ga sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Shika, ga asibitin Barnawa a Kaduna. NDLEA ma suna da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai suke yi ba.

Mataimakin Shugaban Makaranta: Na janye “kallo ɗaya”. Amma 'yan sanda ban janye ba. Yaron da ya zare wa malami wuƙa a buge ba ofishin Malama zan kai shi ba.

Tsohon Sufeto: Wannan wuƙar ce ta kira mu, ba jan ido ba. Ka rubuta shi haka a takardar.

Hajiya: A kuma rubuta cewa uwa ce za a fara kira kafin uba. Na san abin da nake faɗa.

Liman: Wannan kam sai mun zauna, Hajiya.

Nas: Kafin ku zauna, makarantar ma tana da na'urar auna suga kuwa? Ranar da na leƙa akwatin maganinku, farasitamol ne da auduga.

Mai Kemis: Zan kawo guda ranar Litinin, da tsinken gwaji 50. Hajiya ta zo ta duba rasit.