Bugun buɗe wasa a biliyar: ƙarfi ko saiti?

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum manya. A wasan ƙwallo 9 na ƙwararru, gudun farar ƙwallo nawa ne a bugun farko? Kuma me ke sa fara ta yi tsalle ta bar tebur in an saki ƙarfi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Yawancinsu tsakanin kilomita 30 da 40 a awa suke bugawa, masu hannu sosai su kusanci 48. Amma kar lambar ta ruɗe ka. Dubi Shane Van Boening na Amurka: fara na dukan ƙwallo mai lamba 1 a tsakiyar goshi, ta ɗan ɗaga, ta dawo ta zauna tsakiyar tebur. In ka kauce ko da kaɗan, ƙarfin da ya kamata ya shiga jerin ƙwallayen da za a fasa sai ya bi fara, ta yi ta yawo har ta faɗa rami.

Tsallen kuwa daga gindin sanda yake. In ka ɗaga shi, kana danna fara cikin tebur ne, sai ta tafi tana ɗan tsalle da ido ba ya gani. Ta iske ta 1 tana sama, shi ke nan, sai ƙasa. Kwantar da sanda iyakar yadda gefen tebur ya bari.

Mai Alli: Gaskiyar Yaya. Bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin hannun da ke kan tebur da fara, ka miƙe kaɗan fiye da tsayuwarka ta kullum, riƙo sakwa-sakwa. Ja baya a hankali, ɗan dakata, sannan ka saki, nauyin jiki na komawa ƙafar gaba. Saiti kuma gashi ɗaya sama da tsakiyar fara, don jerin ya fi ta nauyi, turo ta baya yake yi. Soma da rabin ƙarfinka. Sai fara ta zauna tsakiya sau 7 cikin 10 kafin ka ƙara.

Na Bagalam: Malamai, kun manta jeri. Ƙwallaye 3 na gaba in ba su manne ba, ko Van Boening ne ba abin da zai fashe. A teburanmu na nan ƙyallen tebur ya lotsa a wurin ɗigon da ake jera ƙwallaye, ga ƙurar hunturu, sai ta 1 ta riƙa gangarowa gaba. Goge ƙwallaye da ƙyalle tukuna.

Kuma ba dole sai ƙarfi ba. Corey Deuel, ƙwararren ɗan wasan Amurka, da lallausan bugu ya riƙa jefa ƙwallon gefen jeri a ramin kusurwa, har wasu gasanni suka kawo dokar sai ƙwallaye 3 sun shiga rami ko sun haye layin da ake bugowa.

Ɗan Mokoyo: Na gode. Sandar fa, sai mai nauyi?

Tsohon Hannu: A'a. Garam 510 zuwa 570 ya isa, mai nauyi rage maka gudu take. Bakinta dai ya zama mai tauri, ka sa alli.