Injin ban ruwa na mai ko na sola? Ku ba ni shawara kafin rani ya kama

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar sola ku taimaka min. Muna da fadama wajen Kura, gonar Baba ce amma yanzu ni ke riƙe da ita tunda ciwon ƙafa ya matsa masa, tumatir da albasa muke yi sai ɗan attaruhu a gefe. Ruwan kanal ba ya isowa inda muke sai mun ja daga rijiya, to tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wlh lissafi ya ƙi fita, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu, ranar ban ruwa inji ya shanye lita biyar ko shida, ga baƙin mai ga fulogi ga kuɗin makanike. Bara da na dawo daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan na zauna da biro da takarda sai na ga wahalar tamu ce, ribar kuma ta gidan mai ce.

Akwai maƙwabcinmu da ya sa sola, in na wuce sai in ga ruwa na malala cikin fangali ba ƙara ba hayaƙi, abin ya tsaya min a rai. Shin tana jan ruwa kamar injin mai? Lokacin hazo fa? Batir nawa zan saya? Baba dai cewa yake kar in kuskura in sayar da tsohon injin.

Mai Haɗa Sola:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa fara da cire maganar batir daga lissafinka, ban ruwa ba ya buƙatar batir ko ɗaya, kuma nan ne noman rani ya fi gida sa'a, don a solar gida batir shi ne mai cin kuɗin kuma shi ne mai fara mutuwa, musamman da zafin nan namu na Maris da Afrilu. Kai kuwa fanel ne sai kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar, sai famfo, rana ta fito ya fara ja a hankali, daga ƙarfe goma zuwa ukun yamma yana kan ganiyarsa, rana ta yi sanyi ya tsaya. Fanel mai kyau yana haura shekara 20.

Amma in gaya maka gsky ba zai watso ruwa da ƙarfin injin mai ba, na mai awa biyu uku ya gama maka, wannan kuwa yini zai yi yana ba ka kaɗan kaɗan, to sai ka sake tsarin ban ruwan, yau wannan sashe gobe wancan. Kafin ka sayi komai ka auna zurfin ruwan rijiyarka a ƙarshen rani ba yanzu da damina ta wuce ba, in ya wuce mita bakwai ko takwas famfon da ke zama a sama ba zai zuƙo ba, sai sumo wanda ake zurawa ciki. Ƙarfin famfo da doki ake auna shi, doki ɗaya wajen wat 750 ne, famfo mai doki ɗaya da rabi ka ba shi fanel huɗu masu wat 550, kar wani ya ce maka biyu sun isa don ya rage maka farashi, ranar hazo za ka gane. Hazon yana rage ƙarfi ba shakka amma ƙurar da ke kwanciya a kan gilashin ita ce babbar matsalar, na taɓa zuwa gonar wani yana ta faɗa wai an sayar masa da jabu, na sa yatsa na rubuta sunana a kan fanel ɗin tsabar ƙura, muka wanke da ruwa da tsumma mai laushi nan take tiyo ya cika. A wanke da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, a fuskantar da shi kudu a ɗan karkace, kuma kar inuwar ko reshe ɗaya ta faɗa kai. Maganar Baba kuwa gaskiya ce, ka ajiye tsohon injin.

Ɗan Ƙonni:
Salam daga Nijar. Mu nan masu albasa wajen Galmi da Ƙonni da yawa sun koma pano, wato fanel, kuma tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018 take aiki kusa da mu, mun saba ganin abin. Sai da Najeriya ta yanke muna kuran, wato wutar lantarki, bayan juyin mulkin Yulin 2023 muka san darajarshi sosai, don a lokacin kusan kashi 70 na wutarmu daga can take zuwa, tashar Gorou Banda mai megawat 30 ita ta ɗan rufa wa Yamai asiri lokacin. Abu guda zan hwaɗa maka, ɓarayi. Kar ka bar pano ya kwana a garka ba mai gadi. Ni maƙeri ya yi mini ƙarfe bisa amalanke, da sahe in tura in kai, da marece in maido gida.

Maman Ikram:
Ni ba manomiya ba ce amma bari in sa baki kan batir ɗin da aka ambata. Lokacin da Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu a Oktoban 2024 bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, 'yar solar da maigidana ya haɗa ce ta riƙe min sana'ar zoɓo da ƙanƙara, har maƙwabta suna kawo cajin waya, don haka ba na kushe ta. Abin da ke damuna shi ne da batir ɗinmu biyu suka mutu muka sayar wa 'yan gwangwan, bayan kwana biyu na bi ta bayan layi na ga yara ƙanana sun fasa su da guduma suna tsiyayar da ruwan a ƙasa dab da kwata, hannu ba safa, suna ciro dalmar ciki. Wlh ranar ban iya cin abinci ba. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da can ta haƙar zinare ce amma dafin ɗaya ne. Don Allah Mai Haɗa Sola ku riƙa karɓar tsohon batir daga hannun wanda kuka sayar wa sabo, ku san inda za a kai shi.

Tsohon Malamin Gona:
Yaro na ji daɗin tambayarka, Allah ya ba mahaifinka lafiya. Nawa jan kunnen kan ruwa ne. Da mai ake ban ruwa tsada ce ke sa mutum kashe inji da wuri, yanzu da rana ta zama kyauta ina ganin matasa su kunna famfo su tafi kasuwa, ruwa ya cika fangali ya fasa ya bi hanya. Ruwan ƙasa ba ya ƙaruwa don an sa sola, damina ce ke mayar da shi, in fadama guda kowa ya yini yana ja to kafin Afrilu rijiyoyi za su ja baya kowa ya koma ƙarin zurfi. Albasa ma ba ta son ruwa ya kwanta mata, ruɓewa take. Ka tona ƙasa da hannu kamar tsawon yatsa, in ka dunƙula ta kama jikinta to bar ta sai gobe.

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka, maganar Malam ta fi kama shi, ya ce rijiyar tamu ma bara ta ja baya da kusan gaba guda. Zan sayar da buhunan albasar da muka ajiye in haɗa da kuɗin adashi, injin mai kuma yana nan. Gobe in sha Allah zan zura igiya in auna zurfin, in ƙara da abin da ta ja baya bara. Yaya Mai Haɗa Sola, fanel huɗun nan za su hau amalanke ɗaya irin ta ɗan'uwanmu na Ƙonni ko sai na raba su biyu?