Me za mu kira abin da ke yanka a injin sassaƙar ƙarfe?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum. Litinin zan fara darasi da sababbin ɗalibai a kan injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, kuma na yi musu alkawarin takarda da Hausa. Na cije a wuri guda. Abin yankan iri biyu ne. Akwai 'yar sandar ƙarfe mai tauri da ake rubuta wa HSS, kai za ka wasa ta a dutse ka fitar mata da baki. Akwai kuma ɗan ƙanƙanin yanki na kabayid, wani sinadari mai tsananin tauri, ana ce masa insat, da ake ɗaurewa da sukuru, in ya dakushe a juya wani gefen, in gefunan sun ƙare a yar. So nake in ce mai koyo ya fara da na farkon. In na kira su da suna ɗaya, shawarar ta ɓace.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam. Na farkon wuƙa, na biyun haƙori. Shawararka ma daidai ce, Malam. Kabayid yana da tauri amma gautsi gare shi, ƙaramin inji mai rawa ko hannun da bai saba ba nan take zai ɓalle masa baki. Ga shi yana son gudu: ƙarfe mai taushi da HSS wajen mita 30 a minti ake yankansa, kabayid kuwa sai an ninka haka sau uku ko fiye kafin aiki ya fito sumul.

Baba Maƙeri: 'Yata, me ya kai mu aron haƙori? Gatari yana da ruwa da ƙota. Insat ruwa ne, mariƙinsa ƙota.

Injiniya Hadiza: Ƙota na karɓa hannu bibbiyu, Baba. Amma ruwa akwai haɗari. A injin nan akwai ruwan sanyaya aiki. Ka ce wa yaro "canza ruwa", wanne zai canza?

Mai Nahawu: Duk kun bar hanya. Wuƙa a hannu ake riƙe ta, ita ke motsi. A nan aiki, wato ƙarfen da ake sassaƙa, shi ke juyawa. Hausa tana da ginin sunan kayan aiki: mabuɗi, magirbi, masassabi. Daga fiƙe sai mu sami mafiƙi. Mafiƙi mai wasuwa, da mafiƙi mai sauyuwa. An gama.

Malam Isiyaku: Fiƙe ai fitar da tsini ne, kamar na fensir. Mafi yawan aikinmu rage kauri ne da daidaita fuska.

Mai Nahawu: Ma'ana tana faɗaɗa. Jamusawa ba su ji kunyar harshensu ba. Da kamfanin Krupp ya fito da kabayid kasuwa a shekarun 1920, Widia ya raɗa masa, daga kalmominsu biyu masu nufin "kamar lu'ulu'u". Mu kuwa sai kabayid, sai insat, sai sukuru, har a cikin tambayar da ake neman Hausa. Ko a rubuta mafiƙi, ko a daina cewa da Hausa ake koyarwa.

Baba Maƙeri: Malam Mai Nahawu, ka taɓa tsayawa gaban dutsen washi har ƙarfe ya ƙona maka yatsa? Shekara talatin ina wannan aiki, ban ji wanda ya ce mafiƙi ba. Ku ƙirƙira a ofis, mu a ce mu haddace.

Mai Nahawu: Ranka ya daɗe, iya aiki daban, iya harshe daban. Ban raina sana'arka ba, kada a raina tawa.

Baba Maƙeri: Harshen a bakin masu aiki ka same shi.

Injiniya Hadiza: Don Allah a yi haƙuri, Malam yana da aji ranar Litinin. Widia sunan haja ne, ba shi ya hana a kira sinadarin da sunansa ba. Abin da ya sa na nace a kan wuƙa: kowa ya san wuƙa wasa ta ake yi, kuma washin nan shi ne rabin karatun. Yaron da ya wasa HSS da hannunsa zai gane dalilin da ake zaftare ƙasan bakin don kada ya goga jikin aiki, zai gane dalilin da ake saita tsinin daidai tsakiyar aiki. Wanda ya fara da haƙori lamba kawai zai haddace. Ya ga lambar haƙori irin CCMT a kwali bai san C na biyun yana nufin zaftarewar digiri 7 ba.

Malam Isiyaku: To ga wata kuma. Wannan zaftarewar ta ƙasan baki, me zan kira ta?

Baba Maƙeri: Rata.

Mai Nahawu: Rata tazara ce, wannan kusurwa ce. Sai dai kusurwar rata.

Malam Isiyaku: Na gode muku duka. Ga abin da zan buga: wuƙa, haƙori, ƙota, kabayid yadda yake. Kusurwar rata zan sa ta da zane a gefe, in ga ko yara za su kama. Mafiƙi zan ambata sau ɗaya a ƙasan shafi.

Mai Nahawu: Haƙori ba laifi, tunda zarto ma yana da haƙora. Wuƙa dai ban yarda ba. A ƙasan shafin ka rubuta daga ina aka gina kalmar.

Baba Maƙeri: Ni ruwa zan ci gaba da cewa. Ka dai sa su sanya tabarau kafin su kusanci dutsen.