Na gama Evangelion raina bai kwanta ba: me zan kalla bayansa?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na kammala kashi na 26, wato na ƙarshe, na shirin katun ɗin Japan mai suna Neon Genesis Evangelion, kuma har wayewar gari abin yana cina a rai. Mako uku na yi ina bin labarin nan, ina tattala kashi ɗaya ko biyu a kowane dare, ina ɗokin ganin yadda za ta kaya tsakanin Shinji, jarumin labarin, da mahaifinsa Gendo, da kuma abin da NERV, hukumar da Gendo yake shugabanta, take ɓoyewa a ƙarƙashin birnin Tokyo-3. Da Kaworu, yaron da ya ƙulla abota da Shinji, ya mutu a kashi na 24 sai na gyara zama, domin na ɗauka an iso wurin da za a kwance kowane ƙulli. Amma kashi biyun ƙarshe suka zo suka wuce, yaro yana zaune a kan kujera cikin duhu ana jefa masa tambayoyi, zanen ma ya koma layukan fensir, daga bisani kowa ya kewaye shi ana tafi ana yi masa barka. Ban san barkar mene ne ake yi masa ba, ban kuma san abin da ya sami duniyar da aka ce ana karewa ba. Ina neman shawara guda biyu. Shin akwai abin da zan kalla da zai cike mini wannan giɓi? Sannan wane ƙagaggen labarin kimiyya ne na katun ɗin Japan wanda kuka tabbatar ƙarshensa ba ya barin mutum a rataye?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Nura. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da kake ji yau shi ne abin da ɗimbin masu kallo a Japan suka ji a ƙarshen watan Maris na 1996, lokacin da tashar TV Tokyo ta nuna kashin ƙarshe. Tun watan Oktoba na 1995 suke bin shirin mako bayan mako, saboda haka takaicinsu ya fi naka tsawon jira. Kamfanin Gainax da ya yi aikin ya shiga matsin lokaci sosai a ƙarshen shirin, kuma alamar hakan ta fara bayyana tun kafin kashi na 25. Ka tuna wurin da ƙaton butum-butumin yaƙi da Shinji yake tuƙawa ya riƙe Kaworu a tafin hannunsa, hoto ya tsaya cak na kusan minti guda babu abin da ke motsi sai kiɗan Beethoven? Wasu suna ganin dabarar rage aikin zane ce, wasu suna ganin hikima ce, ni kuma ina ganin duka biyun ne suka haɗu a wuri ɗaya.

Muhawarar da ta biyo baya ta yi zafi, har wasu suka kai ga zagin daraktan, Hideaki Anno, da yi masa barazana. A watan Yuli na 1997 aka saki fim mai suna The End of Evangelion, wanda ya sake ba da labarin kashi na 25 da na 26, amma wannan karon daga waje: abin da ya sami hedikwatar NERV, da Misato mai kula da Shinji, da Asuka abokiyar tuƙinsa, da sauran jama'ar duniya, a daidai lokacin da shirin talabijin ya tsaya a cikin zuciyar Shinji. Wannan fim shi ne amsar tambayarka ta farko. Akwai wani da ya riga shi fitowa a watan Maris na shekarar, Death and Rebirth, amma kana iya tsallake shi, tunda rabinsa taƙaitawa ce, ragowar kuma tana cikin fim ɗin Yuli.

Bilkisu:
Malam, ina da ja kaɗan game da cewa fim ɗin shi ne amsa, kuma ina roƙon Nura kada ya yi gaggawar yanke wa kashi biyun nan hukunci. Na fara kallon shirin a 2019, shekarar da Netflix ya kawo shi, kuma na ji haushi kamar yadda ya ji. Na sake kallonsa bayan na gama jami'a, a wata shekara da na yi zaune a gida babu aiki, na daina ɗaukar wayar ƙawaye saboda ina ganin kowa ya wuce ya bar ni. A wannan karon ne wani wuri a kashi na 26 ya tsaya mini a rai. An nuna Shinji yana shawagi a kan farar takarda, babu sama babu ƙasa, babu kowa sai shi, an ce masa wannan shi ne cikakken 'yanci, amma ya rasa yadda zai yi da kansa. Sai aka ja layi guda ɗaya a ƙarƙashinsa, layin ya zama ƙasa. Ya rasa ikon shawagi, amma ya sami wurin taka ƙafa, ya fara tafiya. Na dakatar da hoton a nan na daɗe ina dubansa.

Tun daga kashin farko, tambayar da labarin yake yi ita ce ko wannan yaro mai shekara 14, wanda uwarsa ta rasu kuma ubansa ya yasar da shi sai ranar da ya buƙaci matuƙi, zai iya yarda cewa ya cancanci zama a cikin mutane ko da bai tuƙa komai ba. Halittun da ke kawo hari da asirin NERV su ne suka riƙe mu a gaban allo, amma wannan tambaya ce ƙashin bayan labarin, kuma ita kashin ƙarshe ya amsa. Barkar da ake yi masa, ƙanena, ta cewa ce ya yarda ya ci gaba da rayuwa a matsayin kansa.

Sadiƙu:
Yaya Bilkisu, na girmama abin da kika faɗa, kuma ban musa cewa wurin layin nan yana da kyau ba. Sai dai ni ban yarda a wanke masu shirin gaba ɗaya ba. Wanda ya ɗauki kashi 24 yana ɗaura wa mai kallo ƙulle-ƙulle a kan Rei, ɗaya daga cikin matuƙan, da ƙungiyar asiri ta SEELE, da abin da ya faru a shekarar 2000 a cikin labarin, ya ɗauki bashi, kuma bashi biyansa ake yi. Idan da niyyar tun farko ita ce a bar waɗannan a buɗe, da ba a koma an yi fim bayan shekara guda ba. Ina ganin fushin masu kallo na 1996 yana da hujja, ko da yake zagi da barazana ba su da wata hujja ko kaɗan.

Bilkisu:
Na karɓi maganar bashi, Sadiƙu. Abin da nake gudu kawai shi ne Nura ya ɗauka fim ɗin zai sanyaya masa rai, alhali ya fi shirin talabijin ɗaci nesa ba kusa ba.

Malam Habu:
Wannan gargaɗi yana kan hanya, kuma ya kamata in ƙara a kai. The End of Evangelion ba fim ne na kallo tare da yara ko a tsakar gida ba. Akwai zubar da jini mai yawa, akwai tsiraici, akwai kuma wani wuri a farkonsa a ɗakin asibiti wanda yake da muni ƙwarai, kuma da gangan aka sa shi domin mai kallo ya ƙyamaci abin da Shinji ya zama. Haka nan shirin gaba ɗaya ya ari sunaye da alamomi daga addinin Kirista da na Yahudu ya yi ado da su, don haka mutum ya shiga da saninsa. Kusa da ƙarshen fim ɗin an yanke zane an nuna hoton ainihin mutane zaune a gidan sinima, aka kuma haska saƙonni irin na masu kallo cikin ƙiftawar ido, kamar Anno yana juyo da madubi ga waɗanda suka matsa masa. Ba zan fasa ƙwan wurin ƙarshe ba, illa in ce har yau ana gardama a kan ma'anarsa.

Abin da yake ba ni sha'awa shi ne cewa wannan ba sabon abu ba ne a tarihin katun ɗin Japan. Shirin Space Runaway Ideon na Yoshiyuki Tomino, wanda aka fara a 1980, an datse shi a kashi na 39, sai a 1982 aka yi fim aka ba shi cikakken ƙarshe. Kafin shi, Mobile Suit Gundam na 1979 ya tsaya a kashi na 43 maimakon 52 da aka tsara. Wanda yake son ganin tushen da Evangelion ya tsiro daga gare shi, ya nemi Ideon, in dai zai jure wa zanen wancan zamani.

Zainab:
Ni zan amsa tambaya ta biyu, tunda manya sun gama da ta farko. Yaya Nura, ka nemi Steins;Gate na 2011, kashi 24. Labarin wasu matasa ne a unguwar Akihabara ta Tokyo da suka gano cewa na'urar ɗumama abinci da suka haɗa da waya tana iya aika saƙo zuwa kwanakin da suka wuce. Rabin farko yana tafiya a hankali, har wasu kan gaji su ajiye, amma ka daure ka kai kashi na 12. Daga nan za ka gane cewa kowane ƙaramin abu da aka nuna maka tun kashin farko, har da abin da Okabe, jarumin labarin, ya gani a wani bene a ranar farko, ajiya aka yi maka, kuma ƙarshen yana dawowa ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Idan bashi ne damuwar Yaya Sadiƙu, wannan labari ya biya nasa har da la'ada. Akwai Steins;Gate 0 na 2018, amma sai bayan ka gama na farko.

Sadiƙu:
Na goyi bayan Zainab ba tare da wani sharaɗi ba. Zan ƙara da Code Geass, kashi 50 tsakanin 2006 da 2008. Zango na biyu yana da tuntuɓe a tsakiya, ba zan ɓoye maka ba, amma kashin ƙarshe yana cikin waɗanda masu kallo suka fi yabawa, domin shirin da Lelouch, jarumin labarin, ya ƙulla ya fito daga halinsa ne, ba daga sama aka jefo shi ba. Duk da haka an shafe shekaru ana gardama a kan wani mai tuƙin keken doki da aka nuna a daƙiƙun ƙarshe ba tare da an bayyana fuskarsa ba. Fim ɗin Code Geass na 2019 ya ɗora ne a kan finafinai uku da suka sake tsara labarin da wasu sauye-sauye, don haka kada ka ɗauke shi a matsayin hukunci a kan shirin talabijin.

Malam Habu:
Ba zan bari a rufe wannan magana ba a ambaci Cowboy Bebop ba. Shinichiro Watanabe ne ya ba da umarni, Yoko Kanno ta yi kiɗa, kashi 26 ne, an fara shi a 1998, labarin kuma yana faruwa a 2071 tsakanin masu farautar masu laifi a sararin samaniya. Ƙarshensa ma yana barin tambaya guda a buɗe game da makomar Spike, jarumin labarin, amma bambancinsa da abin da ya dami Nura shi ne cewa ka ga duk abin da ya faru da idonka, ka san dalilin da ya sa mutumin ya koma wurin da ya koma, fassarar hoton ƙarshe kawai aka bar maka.

Bilkisu:
Tawa shawarar ita ce Planetes, wanda ba a cika ambatonsa ba. An nuna shi daga 2003 zuwa 2004, kashi 26, daga littafin zane na Makoto Yukimura. Babu yaƙi da baƙin halittu a ciki. Ma'aikata ne a shekarar 2075 waɗanda aikinsu shi ne kwashe tarkacen taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya, domin ko ƙusa guda a irin wannan gudu tana iya huda jirgi ta kashe fasinjoji. Ana raina sashensu a kamfani, albashinsu kaɗan ne, kuma labarin bai kauce wa tambayar su wa ke cin ribar sararin samaniya da su wa aka bari a baya ba. Hachimaki, jarumin labarin, shi ma ya faɗa irin ramin da Shinji ya faɗa, na ganin cewa ba ya buƙatar kowa, sai dai a nan an nuna fitowarsa mataki-mataki a cikin duniyar zahiri, ba a cikin duhun tunani kaɗai ba. Ina ganin wannan ne zai fi dacewa da kai a halin da kake ciki.

Nura:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wata tambaya ta rage mini. Na ga ana maganar sababbin finafinan Evangelion guda huɗu. Su kuma ina matsayinsu?

Malam Habu:
Waɗannan Anno ya yi su ne a ƙarƙashin kamfaninsa Khara, sun fito a 2007, 2009, 2012 da 2021. Na farko yana bin tsohon labarin kusan sawu da sawu, daga na biyu hanya ta fara rabuwa, na uku kuma ya tsallake shekara 14 gaba ba tare da bayani ba, abin da ya sake tayar da ƙura a tsakanin masu kallo, sannan aka jira fiye da shekara takwas kafin na huɗu. Na huɗun ya samu karɓuwa sosai a Japan, inda kuɗin shigarsa ya haura yen biliyan 10, kuma ya rufe ne da hoton ainihin tashar jirgin ƙasa a Ube, garin da aka haifi Anno. Akwai waɗanda suka ga ya yi laushi da yawa idan aka kwatanta da na 1997, amma a wurina shi ne karon farko da aka bar Shinji da mahaifinsa suka yi magana ta gaskiya. Ka ajiye su zuwa ƙarshe, domin nauyinsu yana zuwa ne daga sanin abin da ya gabata.

Nura:
To, na tsara abina. Zan sake kallon kashi na 25 da na 26 a daren yau, in lura da wurin layin da Yaya Bilkisu ta ambata. Ranar Asabar zan kalli The End of Evangelion ni kaɗai a ɗaki, kamar yadda Malam ya gargaɗe ni, daga nan in shiga Planetes, sai Steins;Gate. Zainab, idan na kai kashi na 12 zan dawo in faɗa miki yadda na ji, amma kafin nan ina roƙon kowa kada a fasa mini ƙwai.